Saniya a Ƙarƙashin Malfa

Ranar Litinin ce, mako na shida da komawarmu makaranta bayan dogon hutu, shekarar da na shiga aji biyar. An gama yankan gero, dawa kuwa tana tsaye a gonaki ta sunkuyar da kai, saura kaɗan a shiga girbinta. Tun kafin a buga ƙarfen taron safe na isa da kwalina a hammata, na ɗauki dutse na kafe shi da ƙusa huɗu a bangon ofishin hedimasta, inda na saba kafe shi duk Litinin. Kafin in ja da baya yara sun taru. Wani ɗan aji biyu da ko haƙoran gaba bai gama mayarwa ba shi ya fara fashewa da dariya, daga nan abin ya kama kowa, har da Malam Haruna, malamin ajinmu, wanda ya dafe ciki da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana nuna zanen da bulalarsa. Ni kuwa ina gefe na harɗe hannuwa, kaina ya kumbura har ina jin ba zai shiga ƙofar aji ba. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ja'e, abokina, ɗan Fulanin rugar da ke bayan gonarmu, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa kwalin, ya daɗe yana kallon wuri ɗaya, sannan ya juya ya shiga layi. Na gan shi sarai. Na ce a raina ai ƙyashi ne.

Zanen gida huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, na yi shi da biro da bular wanki a bayan kwalin sabulu. A gidan farko ga wani dogon Bafulatani da na laƙaba wa suna Mai Malfa, wuyansa siriri, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya jingina da sanda yana sharar barci. A na biyu saniyarsa ta sulale ta faɗa gonar dawa. A na uku ta fito cikinta ya yi tulu, ga mai gona can ya taho da fartanya a kafaɗa. A na huɗu, wanda ya kashe mutane da dariya, Mai Malfa ya cire malfarsa ya kifa wa ƙatuwar saniyar a ka wai ya ɓoye ta, ya ɗaga hannuwa sama yana cewa, "Ni ban ga nagge ba." Jikin saniyar gaba ɗaya a fili, kunnuwanta biyu sun leƙo ta ƙarƙashin malfar. Waɗannan kunnuwan Ja'e ya tsaya yana kallo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Adabka da Bukkuyum, nesa kaɗan da hanyar mota, kuma a lokacin ba wanda ya san da zamansa sai mai dangi a ciki. Babana manomi ne, ana ce masa Mamman. Tun kafin a haife ni yake abota da baban Ja'e, wanda duk gidanmu muke kira Bappa Manu. Abotarsu tana da aikin da take yi. Da zarar an kwashe amfanin gona, Bappa Manu yakan koro garkensa ya sauke a gonarmu, shanu su ci kara da harawa su kwana a nan wata biyu ko fiye, su bar mana taki, Baba kuma ya aika masa da damman gero da dawa a kan jaki. Shi ya sa gonarmu takan yi baƙi ƙirin da damina alhali ta maƙwabta tana ja. Ranar sunana, in ji Inna, Bappa Manu ne ya jawo ragon da hannunsa, kuma tun daga ranar bai taɓa kirana Lawali ba, sai dai ya ce "ɗana". In sun haɗu da Baba a ƙofar gida kuwa ba a rasa tsiya. Baba zai tura masa kujera ya ce, "Manu, har yau ba ka koyi zama bisa kujera ba?" Shi kuma ya tsuguna abinsa ya ce, "Kai hwa Kaɗo, har yau tsoron ƙaho kakai?" Su yi ta yi, wannan ya jefa wancan ya rama, har Inna ta aiko da fura. Ban taɓa ganin ɗayansu ya tashi da fushi ba, domin duk abin da aka faɗa maka, mai faɗar yana gabanka, kana iya mayar masa.

Zane kuwa a wurin mai tsire na koye shi, ko da yake shi bai san ya koya mini ba. Duk ranar kasuwa yakan zo da tsofaffin jaridun Turanci da ake kawo masa daga Gusau, yana naɗe nama a ciki. Mutane su ci su jefar, ni in bi ina tsincewa. Ba rubutun nake so ba, don ko kalma biyar ban iya haɗawa ba a lokacin. A shafin baya akwai 'yan zane-zane a jere, mutane masu ƙaton hanci da ƙananan ƙafafu, wani ya zame, wani an biyo shi da muciya, magana tana fita daga bakinsu a cikin wani ƙullutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba na jin abin da suke cewa amma ina dariya. Nakan goge yajin da ƙuli-ƙulin, in shanya takardar a kan danga, in ɓoye a ƙarƙashin tabarmata. Kiyashi suka addabi ɗakin. Inna ta sha cewa, "Wagga takarda mai warin mai, ran da na gaji wuta za ta ci." Ba ta taɓa ƙonawa ba. Da na dawo daga yankan ciyawar awaki ko ɗiban ruwa, sai in zauna a gindin rumbu da gawayi ina kwaikwaya a jikin bango, har na gane sirrin abin: ka nemi abu guda a jikin mutum, hanci ko wuya ko tafiya, ka ja shi ya wuce misali, shi ke nan ka gama da shi.

Ja'e shi kaɗai ne ɗan ruga a makarantarmu. Baba ne ya matsa wa Bappa Manu shekara da shekaru har ya yarda ya saki ɗa guda, bisa sharaɗin da an tashi ya wuce kiwo. Yakan iso da raɓa a ƙafa, da 'yar gorar nono da muke rabawa a lokacin tara. Yara sun yi ta tsokanarsa da farko saboda yadda Hausarsa take karkacewa, amma ya fi kowa iya langa, kuma a lissafi ba mai kama ƙafarsa, don haka suka gaji suka bari. Bai iya riƙe biro don zane ba, sai dai in ka ba shi yumɓu a bakin rafi zai gina maka saniya da tozo da ƙaho da leɓe har ka ji kamar za ta yi kuka. Shi ya fara ganin shanun da nake zanawa ya kwashe da dariya, ya ce wannan ai jaki ne aka dasa wa ƙaho. Ya ja ni har cikin garke, ya kamo wata karsana mai ruwan ƙasa-ƙasa, sunanta Saye. Tasa ce ta kansa, jikar saniyar da aka ba shi ranar sunansa, kamar yadda suke yi wa kowane ɗa. Ya sa na zauna na zana ta sau ba adadi. Ya nuna mini yadda gwiwar baya take lanƙwasa, da yadda leɓen wuya yake saukowa. A ƙarshe ya kama kunnenta ya buɗe mini. Tsaga biyu a na hagu, ɗaya a bakin na dama. Ya ce kowane gidan Fulani da irin tsagarsa, ko saniya ta ɓace ta kai Gummi, mai ido yana ganin kunnen zai san ta gidan wane ce. Ya faɗi haka yana taƙama, ni ma na koya ina taƙama. Daga ranar duk saniyar da na zana, hannuna da kansa yake yi mata tsagar nan, ban ma san ina yi ba.

Malam Haruna ne ya ga zanena a bayan littafin lissafi. Maimakon bulala sai ya ce in riƙa yin guda duk mako ana kafewa a bango, ya sa wa abin suna jaridar bango. Ni da Ja'e muka ƙirƙiro Mai Malfa a gindin wata tsamiya, kuma gaskiya ita ce labaran farko duk nasa ne. Shi ya kawo na ranar da Mai Malfa ya tuɓe takalma ya ajiye a ƙasa cikin ladabi kafin ya hau motar kasuwa, motar ta tafi ta bar su. Ya ce kawunsa ne ya yi haka, kuma har yau ana ba da labarin a rugarsu ana dariya. Shi ya kawo na ranar da wani ɗan birni ya zo zai cuci Mai Malfa a cinikin bijimi, ya ƙare da gudu bijimin yana bin sa har kan bishiya. A labaran Ja'e, Mai Malfa yakan yi wauta yau, gobe ya fi kowa wayo. To amma ni ina tsaye a gefen bango duk Litinin, kunnena yana auna dariyar. Na lura in Mai Malfa ya yi nasara, dariyar takan zo siririya ta wuce. In ya sha kunya kuwa, har 'yan talla sukan shigo daga waje su kalla. Ban yi shawara da kowa ba na fara ƙara masa tsawon wuya, na rage masa wayo. Mako biyu na ƙarshe ma ban nuna wa Ja'e ba sai da na kafe.

Ya taɓa roƙona abu ɗaya. Muna dawowa daga makaranta ta burtali, hanyar da shanu suke bi tsakanin gonaki, ya ce tun da an yi Mai Malfa, ya kamata a yi Kaɗo, wato Bahaushe, shi ma. Har ya tsara shi: gajere, mai tumbi, da fartanya a kafaɗa, yana cika baki a dandali cewa shi ba ya tsoron komai, sai ɗan maraƙi ya yi atishawa a bayansa ya zubar da fartanyar ya haye rumbu. Yana faɗa yana kwaikwayon gudun, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce masa mako mai zuwa. Da makon ya zo na ce bula ta ƙare. Wani makon na ce Malam ba zai yarda ba, alhali ban ko tambayi Malam ba. Na san dai waɗanda suke taruwa a gaban bangon nan 'ya'yan masu tumbi da fartanya ne, kuma ba na so dariyar ta ragu.

Kwana huɗu da kafe zanen saniya da malfa, ranar Juma'a, aka wayi gari shanu sun shiga gonar wani mutum mai suna Tanko, sun tattake dawa sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Tanko mutum ne mai faɗa ko ba dalili, balle ga dalili. Aka bi sawu, sawun ya shiga burtali ya gauraye da na sauran garkuna, domin ruga uku ce take amfani da hanyar. Washegari da hantsi Maigari ya tara mutane a zaurensa, ya kira masu rugagen uku. Kowannensu ya ce shanunsa a ɗaure suka kwana. Ba wanda ya ga komai. Baba, wanda yake wurin, ya gaya mini daga baya cewa har an fara maganar Fulanin su haɗu su taimaka wa Tanko da abin da ya sawwaƙa a bar wa Allah sauran, kamar yadda aka saba in an rasa mai laifi. Ana cikin haka ɗan Tanko, ɗan ajinmu, ya shigo da kwalina. Ya je ya ɓamɓaro shi daga bangon makaranta, ramukan ƙusa huɗu suna jiki.

Da farko dariya aka yi. Kwalin ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, dattawa suna matso da shi kusa da ido, wani yana nuna wa wani malfar. Har ɗaya daga cikin Fulanin ya murmusa. Sai kwalin ya isa hannun wani tsohon mahauci da ya yi shekara arba'in yana duba kunnen shanu a kasuwa. Shi bai kalli malfar ba. Ya ɗora yatsa a kan kunnuwan ya ce, "Wagga tsaga ai ta gidan Manu ta. Biyu ga hagu, guda ga dama." Tanko ya miƙe ya ce ashe har yaran makaranta sun san wanda yake sakin shanu a gonakin mutane, manya ne kawai ake rufe wa ido. Aka ce a kira mai zanen.

Ina bayan gida ina sussukar gero da Inna aka zo aka tafi da ni, ƙaiƙayi duk a wuyana. Ban taɓa shiga zauren Maigari ba sai ranar. Na durƙusa a tsakiya, ga Baba a dama, ga Bappa Manu a tsugune kusa da ƙofa da sandarsa a kan cinya. Maigari ya ɗaga kwalin ya ce yaron ga yana da hannu, wasu suka yi 'yar dariya, na ji daɗin ya ratsa ni duk da tsoron da nake ciki. Sannan ya sauke murya ya ce, "Kai ɗan Mamman, abin ga da kaz zana, gani kay yi, ko ƙarya kas shirya ma dattijo?" Shekara talatin da wani abu ke nan ina juya tambayar nan. Amsar gaskiya gajeriya ce: wasa ne, daga kaina na ƙago, kunnen kuwa shi kaɗai na iya zanawa. Amma yadda aka jera mini ita, in na ce ban gani ba na zama yaron da ya yi wa dattijo ƙarya a gaban gari, bulala tana jirana a nan da gida da makaranta, jaridar bango kuma ta mutu. In na ce na gani, na zama yaro mai hannu kuma mai ido. Ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya saya ni. Na dubi tabarma na ce, "Na gani."

Na ɗauka Bappa Manu zai musa. Da ya musa, da ya tambaye ni yaushe, a gonar wa, da wane ido, da na rushe a tambaya ta biyu, don ban shirya komai ba. Sai ya miƙo hannu aka ba shi kwalin. Ya daɗe yana dubawa, gida ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba dabbar da zai saya. Ya dubi Baba, bai dube ni ba. Ya ce, "Kunnen namu na. Ɗana ya iya zane." Ya mayar da kwalin. Sai da na girma na gane abin da ya faru a wurin: mutumin da ya jawo ragon sunana ba zai buɗe baki a gaban jama'a ya ƙaryata ɗan abokinsa ba, ko da garken duka za a kwashe. Kunyar da muke yi wa dariya a zane, ita ta rufe masa baki. Aka yanke cewa zai ba Tanko karsana guda. Tanko ya ce shi wadda ke cikin zanen yake so, tun da ita ce mai ɓarnar, kuma duk wanda ya san garken ya san siffar Saye ce na zana. Da la'asar na hango daga kan danga ana jan Saye ta tsakiyar gari da igiya a ƙaho, tana tirjewa, yara suna bin ta suna ihu, "A kifa mata malfa! A kifa mata malfa!"

Ja'e bai zo makaranta ranar Litinin ba, bai zo Talata ba. Ni kuwa na riƙa barin tuwona a kwano. Inna ce ta fara ganewa. Ta same ni a gindin rumbu ta ce, "Lawali, dube ni. Ka gani, ko ba ka gani ba?" Na fashe da kuka. Baba bai doke ni ba, kuma da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Ya sa hularsa ya kama hannuna muka koma wurin Maigari, na maimaita abin da na gaya wa Inna. Maigari ya ce magana ta riga ta mutu, ba a tone ta saboda yaro ya sauya baki, wa ya sani ko yanzu ne aka koya masa. Tanko kuma ya riga ya kai karsanar kasuwar Gummi ya sayar. Daga nan Baba bai saki hannuna ba, muka zarce ruga ta cikin gonarmu.

Mun tarar ana kwance bukkoki. Mata suna ɗaure ƙore a cikin raga, an ɗora wa shanun dako kaya. Baba ya tsuguna, abin da ban taɓa ganin ya yi a rugar ba, ya faɗi komai, ya ce zai ba da dawar bana a maye gurbin karsanar. Bappa Manu ya ce ba komai, yaro ne, kuma dama suna da niyyar matsawa kudu saboda ciyawa. Duk mun san ba haka ba ne, domin saura mako biyu su sauka a gonarmu. Ya sa aka kawo mana kindirmo a ƙwarya, muka sha don dole. Baba ya yi ƙoƙarin jefa masa tsiyar kujera, maganar ta faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka. Ja'e yana can gefe yana naɗe igiyoyin maruƙa, da littattafansa a ɗaure cikin leda a kan kaya. Na je na tsaya kusa da shi. Bai zage ni ba. Ya gama naɗe igiyar ya ɗago ya ce, "Kaɗon da kac ce za ka zana, ka zana shi?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da aikinsa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Shekarar nan ba saniyar da ta kwana a gonarmu, haka ta gaba. A sauran rugagen biyu ma ba wanda ya karɓi tayin da Baba ya yi musu na su sauke garke a gonar. Gonar ta koma ja kamar ta kowa. Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne wannan: jaridar bango ba ta mutu ba. Malam Haruna ya ce jama'a suna tambaya, ni kuma na ci gaba da zana Mai Malfa har na gama aji shida. Na dai daina yi wa shanun kunne, nakan ɓoye su a bayan ƙaho. Ba wanda ya lura. Dariyar ma ta fi ta da, tun da yanzu babu ko mutum ɗaya a layi da za a ji nauyinsa.

Zanen ne ya kai ni kwalejin horon malamai. A shekarata ta biyu wani malaminmu ya shigo da wani ƙaton littafi na zane-zanen barkwanci daga jaridun Amurka na fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya buɗe mana wani sashe a kan mutanen Ailan, waɗanda yunwa da talauci suka koro daga ƙasarsu suka je can ci-rani. Ga su nan an zana su da dogon leɓe da muƙamuƙin biri, da lofe a baki, da kulki ko kwalba a hannu, kullum cikin faɗa ko wauta. Hula iri ɗaya, fuska iri ɗaya, ko wane ne mai zanen. Malamin ya ce masu sayen jarida sun yi shekaru suna dariyar wannan fuska, har ta kai in an ga ɗan Ailan yana neman aiki ita ake gani. Sannan ya buɗe gaba ya nuna mana abin da ya biyo baya: 'ya'yansu da jikokinsu sun yi karatu, wasu sun shiga gidajen jaridun, sun karɓi alƙalamin. Ba su jefar da hular da lofen ba, sun ci gaba da tsokanar kansu, sai dai mutumin da ke cikin zanen ya zama mai gida da iyali da wayonsa, wanda mai karatu yake dariya tare da shi, kuma shi ma yana samun bakin ramawa. 'Yan ajinmu suna ta dariyar hotunan. Ni na tuna Mai Malfan farko, na gindin tsamiya, wanda yake wauta yau ya yi wayo gobe. Ashe mun fara daga inda waɗancan suka ƙare, ni na ja abin baya da hannuna. Kuma wanda zai karɓi alƙalamin a wurinmu, ɗan ruga guda ɗaya tilo da ya iya karatu, na kore shi daga aji biyar.

Yanzu ina Gummi, ina koyar da zane a wata makaranta, da yamma ina rubuta allunan shaguna. Ƙauyenmu rabinsa ya watse, Baba ya rasu, Inna tana wurina, gonar kuwa shekara nawa ba wanda ya isa ya je ya noma ta. Ba sai na gaya wa mutumin yankin nan abin da ya shiga tsakanin gari da ruga ba, kowa yana da kabarin da zai nuna, a kowane ɓangare. Ba na ce kwalin sabuluna ne ya jawo wannan ba, abin ya fi ƙarfin yaro da biro. Amma idan ɗalibaina suka miƙo mini waya suna dariya, na ga an zana dogon mutum mai siririn wuya da malfa, an cire sandar an sa masa bindiga, nakan gane wuyan. Na san yadda ake jan sa, na san kuma yadda dariyar take daɗi. A da Baba da Bappa Manu sukan ci wa juna fuska a ƙofar gida su sha fura a ƙwarya ɗaya. Yanzu ana zana mutum daga nesa, a aika wa dubu, shi ba ya nan balle ya rama. Na tambayi labarin Ja'e wurin duk wanda na ga alamar zai sani. Wani ya ce sun yi kudu tun tuni, wani ya ce an kashe shi a wata kasuwa, wani ya ce kada in so in san inda yake. Ban san wanne zan roƙa ya zama gaskiya ba.

Kaɗon dai na zana shi, shekara uku da suka wuce, a kan takarda mai kyau. Gida huɗu, yadda Ja'e ya tsara a burtali: tumbin, cika bakin, atishawar ɗan maraƙi, hawan rumbu. Da na zo fuskar sai na yi masa tsagar gidanmu a kumatu, irin wadda ke fuskar Baba da tawa, yadda duk wanda ya san mu yana gani zai ce wannan ɗan gidan Mamman ne. Ya yi kyau, ina jin ya fi duk abin da na taɓa zanawa ban dariya. Yana cikin akwatina a ƙarƙashin kayan Sallah. Mutum ɗaya ne ya kamata ya fara ganinsa.